Awaisu, Angona da Yashi Ya Rufe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab, da hantsi, gaɓar rafin da ke bayan ƙauyenmu a Kurugu ta rufta a kan jikana Awaisu ɗan Sunusi, yana ƙarƙashinta yana haƙar yashi. Kafin a tono shi rai ya yi halinsa. Ni ce kakarsa Hajo, wadda ta haifi ubansa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma ba zan bari wani ya rubuta mini wannan ba.

Awaisu, tun kana goye nake kiran ka angona, da ka girma kuwa ka iya ramuwa. In na ce, "Wane irin miji ne wannan, ba cefane?" sai ka ce, "Tsohuwa, da wane haƙorin za ki ci?" Duk da haka ba ka taɓa dawowa daga kasuwar Rogo babu ƙullin gorona ba. Da kanka kake goga mini shi a magogi, kana gogawa kana rantsuwa bana za ka sake ni.

Da ka gama sakandare samari suka naɗa ka sarkinsu. Kai ka tayar da gayya bayan ta kusa mutuwa. Shekarar da mijin maƙwabciyarmu Saudatu ya rasu, ku kuka nome mata gona har maimai, ko ruwan fura ba ku bari ta dama ba. Amma wannan aikin damina ne. Da an kwashe gyaɗa da dawa, samarinmu sai zaman dakali, ga ruwa kwance a dam ba abin jan sa. Ka kwashi abokanka kuka je wajen hukuma neman injin ban ruwa. Ka dawo da hula mai hoton wani. Na ce, "Ango, wannan ne injin?" Ka ce, "An ce mu dawo bayan zaɓe." Aka kira taron matasa, masu furfura suka cika kujeru, ku kuna tsaye a rana, aka tashi ba a ji bakinka ba.

Shi ne kuka koma yashi. Mai laushin da masu tifa ke so yana can ƙarƙashin gaɓa, sai an yi masa rami kamar na gafiya. Kai ka kafa doka, mutum ɗaya ya tsaya a sama yana duban ƙasa, in ya ga ta tsage ya yi ihu kowa ya fito. Ran nan tifa biyu suka zo tare, direbobi na ta danna oda. Mai tsayuwa ya ga kun jigata, kunya ta kama shi, don mu a nan ba a harɗe hannu ana kallon yaya yana aiki. Ya sauko ya kama shebur. Ba wanda ya ga tsagar.

Mai tsayuwar nan ƙaninka ne, Jibo. Shi ne yanzu yake hana ni cin tuwo. Ana gama sadakar bakwai ya nemi sheburinka. Na riga na cusa shi cikin rumbu, na ce masa aljanu sun ɗauka. Ya je ya aro wani. Na tare ƙofa na ce, "Ƙaramin miji, za ka bar ni gwauruwa sau biyu?" Bai yi dariya ba, bai rama ba. Ya ce, "Kaka, in na zauna, wa zai ciyar da Siddiƙa da cikin da Yaya ya bar mata?" Awaisu, Jibo bai taɓa ce mini kaka ba sai ranar. An ce can ƙurya yake shiga, inda ka tsaya, kuma tun rasuwarka babu wanda ya yarda ya hau sama ya yi tsayuwa.

Ku masu mulki, na ji ana cewa za a hana haƙar yashi. Ku hana, amma ku zo da abin da samarinmu za su kama a madadinsa, ku zaunar da su ku ji bakinsu. Amana ce a wuyanku. In kun kore su daga wannan ramin hannu wofi, wani ramin za su nema, inda ko gawarsu ba za mu gani ba.

Allah Ya jiƙan ka Awaisu, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ƙasar da ta danne ka ta zama kaffara. Ina yi wa ɗana Sunusi da mahaifiyarka Sadiya ta'aziyya, da matarka Siddiƙa, Allah Ya sauke ta lafiya, da samarin Karaye da Rogo baki ɗaya. Yanzun nan na ji tifa ta wuce bayan gida, ta nufi rafi. Ya Allah, Ka riƙe gaɓar nan har Jibo ya fito.