Abin da Na Binne a Bayan Tudu

Edita, ina roƙon a ba ni fili in faɗi laifina, domin na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ni mai gyaran na'urar sanyi da janareta ne a Doha, ina zaune a wani ɗaki kusa da Asian Town. Karatuna bai wuce sakandare ba, sana'ar hannu ce ta kawo ni ƙasar. Shekarata biyu da zuwa annobar korona ta sauka, aka rufe unguwarmu, aiki ya tsaya. Ban san kowa ba sai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da ke gyaran injin jiragen kamun kifi a Wakra, wanda muka taɓa haɗuwa a shagon sayar da kayan gyara. Kowa Baba yake ce masa. Duk tsawon kullen nan babu ranar da bai kira ni a waya ba. Da aka buɗe, shi ne mutum na farko da ya zo, da tukunyar shinkafa da wake a bayan mota, ya dube ni ya ce ashe 'yan Najeriya ma suna ramewa.

Baba ne ya shigar da ni ƙungiyar masu karafan. Karafan ɗaki ne mai tayoyi da ake ja da mota, da gado da murhu da ban-ɗaki a ciki. Sau ɗaya a wata, daga yammacin Alhamis zuwa Asabar, mukan yi jerin gwano zuwa bakin teku mu kafa sansani. Akwai likitoci da injiniyoyi 'yan arewa, da 'yan Sudan, da kuma shugabanmu, wani Bakatare, wato ɗan ƙasar, mai sanyin hali wanda takardar izinin wurin take da sunansa. Da farko da takunkumi ake zama, kowa nesa da kowa, amma bayan wata da watanni a ɗaki ɗaya, ganin sarari kawai ya isa. Baba ya samo mini wata tsohuwar karafan daga hannun wani da zai bar ƙasar, muka yi Juma'a shida muna gyara ta. Tayarta ɗaya ta lalace, ya ba ni tasa ta ajiya, wadda zanenta ya bambanta da na sauran. Daga nan na zama mai gyaran ƙungiya. Baba ya laƙaba mini Injiniya, da zolaya, har injiniyoyin gaske suka kama. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni aiki, ya zama kafil ɗina, wato wanda zamana a ƙasar yake hannunsa.

Ƙungiyar tana da ƙa'idoji, amma guda ɗaya ce ba a sassauci a kanta. Ba a zubar da tankin ban-ɗaki a rairayi. Kowa zai ja kayarsa zuwa wurin da aka tanada a kan hanya ya juye. Wanda ya karya, an cire shi. Dalili a fili yake: a rairayin nan muke shimfiɗa tabarma mu yi salla, a nan ake cin abinci, kuma ma'aikatan kula da muhalli suna iya ƙwace izinin wurin. Akwai kuma wata al'ada mai daɗi. Duk wanda zai koma gida gaba ɗaya, a fitarsa ta ƙarshe ana gasa masa rago, kowa ya tashi ya faɗi alherin da ya sani game da shi. Baba yakan ce shi ragonsa kawai yake jira, kuma kada a sa ɗan Sudan ya gasa, don ba su san yaji ba. Tun rasuwar matarsa ba shi da wani abin da yake ɗoki kamar wannan fita ta wata-wata.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, garin ya cika. Gana ce ta hana Najeriya zuwa, kuma Baba bai bar mu mun manta ba. Yana da tikitin wasan Gana na ranar Juma'a a filin Wakra, amma gwiwoyinsa ba sa son matakala. A gaban jama'a ya miƙo mini, ya ce sadaka ce ga marayu waɗanda ƙasarsu ba ta zo ba. Aka yi ta dariya. Wannan makon ya dace da fitarmu. Ni kuma na sauke wasu baƙi uku daga gida a karafan ɗina kwana biyar, tanki ya cika, na yi ta cewa gobe zan juye har Alhamis ta yi, na ja ta haka zuwa sansani.

Ranar Juma'a mutane suka tafi masallacin ƙauyen da ke kusa, mata suna can cikin rumfarsu. Na ce zan yi salla a hanya don kada in makara. Na ɗaura karafan a bayan mota, sai na tsaya ina lissafin lokaci. Wurin juye tanki yana da ratse, kullum da layi, ga cunkoson 'yan kallo, ga baƙina za su kwana a cikinta bayan wasa, kuma ta fara wari. Akwai wani ɗan tudu a gefen sansani, inda Baba ya fara ajiye tasa ranar Alhamis kafin iska ta sa ya matsa. Na zagaya bayan tudun, na duba hagu da dama, na buɗe bawul, wato makullin bututun tankin. Ban ɗauki minti biyar ba. Na watsa rairayi a kai da shebur, na wanke hannu, na tafi. A filin wasa na yi tsalle, na yi ihu da tutar Gana a wuyana. Ko sau ɗaya abin bai faɗo mini a rai ba.

Washegari da hantsi kafil ɗina ya kira ni a waya. Ya ce ƙazanta ta tsattsafo ta ƙarƙashin tudun ta gangaro har gefen inda ake salla, mai kiran sallarmu ya taka. Ma'aikatan muhalli sun biyo, sun gani, sun rubuta wa shugaba gargaɗi. Ya ce kowa na zargin Baba, don a wurin ya fara tsayawa, kuma an san bawul ɗinsa yana ɗiga tun bara. Ya ƙara da cewa dattijon ya ɗauki shebur da buhuna ya kwashe wurin shi kaɗai, ya hana kowa taya shi. Na ce Allah ya kyauta. Abin da na ce ke nan.

Bayan mako guda aka kira taro a gidan shugaba a Mirkab. Aka zuba gahawa, ba wanda ya yi raha. Shugaba ya ce ba ya son ya zalunci kowa, shi ya sa zai tambayi mai sani. Ya juyo gare ni, ya ce Injiniya ya faɗa musu tsakaninsa da Allah ko ɗigar bawul za ta iya zubar da abu mai yawa haka. Na san ba za ta iya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya sani. Kafil ɗina yana zaune a damata, Baba yana gabana yana juya ƙaramin kofinsa. Na ce idan robar da ke cikin bawul ɗin ta mutu, tana iyawa. Har na ƙara bayani, na kwatanta da hannu. Baba bai ɗago kai ba. Ya ce tunda Injiniya ya faɗa, to haka ne, a yafe masa, tsufa ne. Shugaba ya ce ransa bai so ba, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, khalas, wato magana ta ƙare. Baba ya gaisa da kowa, har da ni, ya fita.

Na ci gaba da zuwa fita. Na zauna a inda yake zama, na ci gasasshen kifi, na ji ana cewa dattijo da furfurarsa ya yi abin kunya, na ci gaba da cin kifina. Na daina kiransa. Idan ya kira, sai in ce aiki ya yi yawa. Wata huɗu aka yi haka. Sai ran nan ya aiko mini da saƙon murya, ya ce zai koma Kumasi gaba ɗaya, zai bar wa wani maƙwabcinsa karafan ɗin, yana so in zo in duba ta kafin ya miƙa.

Na same shi a bayan tashar jiragen ruwa a Wakra, yana zaune a kan kujerar roba. Ya ce in fara da ƙasa. Na kwanta na shiga ƙarƙashinta, sai na ga bawul sabo fil, an ɗaure shi da waya, ƙura ta kwanta a kai. Na ƙwanƙwasa tankin, babu komai a ciki. Na daɗe a kwance a wurin don ban san da wace fuska zan fito ba. Baba ya ce in fito haka nan, ƙasa da zafi. Ya gaya mini ya canja bawul ɗin tun kafin gasa, kuma ya daina amfani da ban-ɗakin saboda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa a ƙaramin wuri. Ya ce ranar da ƙazantar ta fito shi ya fara isa bayan tudun, ya ga sawun taya, ya gane zanen tayar da ya ba ni, ya share da shebur kafin kowa ya iso. Ya yi tunanin shi mai tafiya ne, ni kuwa abincina yana hannun mutumin da ke cikin ƙungiyar. Sannan ya ce shirun da na yi bai dame shi ba, tsoro ne, kowa yana ji. Abin da ya tsaya masa shi ne da na ɗaga hannu ina kwatanta yadda robar take mutuwa. Ya ce a nan ya ji kamar bai taɓa sanina ba.

Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun a Mirkab. Na ce zan je in faɗi gaskiya a fita mai zuwa. Ya yi murmushi ya ce jirginsa jibi ne, fita kuwa sai nan da mako uku, in ci rabonsa na rago idan an gasa. Ni kaɗai na raka shi filin jirgi. Mutumin da ya shekara takwas a ƙungiyar, ya tafi ba wanda ya tashi ya faɗi alherinsa.

A fitar da ta biyo na tashi bayan sallar la'asar na faɗi komai. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Aka cire ni, kamar yadda ya dace. Kafil ɗina bai kore ni ba, amma ya daina ce mini Injiniya, ya koma kiran sunana. Na ji labarin shugaba ya kira Baba, sun daɗe suna magana, kuma sun gasa rago sun tura masa hoto. Ya amsa musu cewa daga gani babu yaji.

Abin da na koya shi ne, zubar da tankin nan ƙaramin laifi ne a kan abin da ya biyo baya. Da na tashi a taron na ce ni ne, da kunyar yini ɗaya ce, kuma da Baba ya ci ragonsa a cikin mutanensa. 'Yan'uwana, musamman mu da ke ci-rani muna tsoron abin da zai taɓa aikinmu, ku ji tsoron ranar da za a tambaye ku shaida don an yarda da saninku. Kada ku duba wanda ke zaune a damarku, ku duba wanda ke gabanku. Ni na duba dama. Har yau tayar Baba tana jikin karafan ɗina, kuma duk inda na ja ta a kan rairayi, sai na waiwaya na ga sawunta.