Babu Sunana a Kantar Kawu Tano

Ranar Talata, 14 ga Mayu, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah ya yi wa Gaetano Zagami, wanda muke kira Kawu Tano, rasuwa yana da shekara tamanin da ɗaya. Jaridar unguwa ta ce tamanin da uku. Kuskure ne, Kawu Tano, na ga takardar haihuwarka.

Mahaifinka ya buɗe gidan kofin nan na unguwar Carlton a 1954. Nan baƙin da jirgin ruwa ya sauke daga Italiya suke samun mai rubuta musu wasiƙa da mai haɗa su da aikin gini. Daga baya ɗalibai da 'yan ƙwadago suka mamaye teburan, kai kuwa kana tsaye bayan injin kofi kana raba gardama. Duk wanda ya zama ɗan gida, da hannunka kake rubuta sunansa da jan fenti a gindin kofinsa, ka ɗora shi a kan kantar gidan. Ba a roƙo. Na ƙirga kofuna ɗari biyu da sha biyu.

Sau arba'in da ɗaya na zauna da kai don kundin digirina kan tarihin gidan. Ranar da rikodata ta mutu, ka maimaita mini labarin awa biyu daga farko ba ka yi tsaki ba. Ana gobe zan kare kundin, ka turo mini faranti: "Ci mana, Farfesa! Tarihi ba ya hucewa, taliya ce ke hucewa."

Sai ga Declan, ɗan ajinmu, wanda ni na fara kawo shi. Har yau cewa yake a 1956 aka buɗe gidan. Musun ƙwallo kawai ya iya. Kana ce masa, "Kai jakin nan, ƙungiyarku ko kaji ba za ta ci ba," yana ce maka, "Tsoho, zuba kofi, surutu ya isa." Wata takwas ya yi ka rubuta sunansa. Ni shekara uku ina zuwa, ba ka rubuta nawa ba. Na yi masa barka, na tafi gida ban iya cin abinci ba.

Bayan jana'iza na daure na tambayi 'yarka Nunzia ko wani laifi na yi.

Ta ce, "Laifin me? Cewa ya yi ranar da ka shigo ba littafi a hannu, ka zauna haka kawai, zai rubuta. Ya yi ta jira."

Na koma na duba bayanaina. Ko sau ɗaya ban shiga haka ba. Nunzia ta ce ba za a ƙara suna ba, tunda hannun da ke rubutawa ya tafi.

Allah ya jiƙanka, Kawu Tano, ya yi maka rahama, ya sa ka huta. Allah ya bai wa Nunzia da 'ya'yanta haƙuri, da dukan masu kofi a kantar nan, har da Declan, wanda ya fi ni kuka a maƙabarta. Wannan ma ya tsaya mini a rai.