Ɗakin da Yaya Ya Gina wa Inna

Yayana, wanda nake bi, ya karanta zanen gine-gine a Zariya, ya yi aiki a Kano da Abuja. Mu a Beli ba mu fahimci aikinsa sosai ba. Abin da muka sani shi ne in ya zo hutu ba ya zama. Ko ya hau acaɓa ya tafi Karaye zana tsofaffin zauruka, ko ya tsuguna kusa da mahaifiyarmu, Inna, yana kallon yadda take saƙa faifai.

Shekarar da na fara koyarwa a Rogo ya ce zai gina mata ɗaki. Ta yi murna har ta gaya wa maƙwabta. Da ta ga ana jibge jar ƙasa maimakon bulo, sai ta ɓata rai.

"Duk bokon nan naka, ɗakin ƙasa za ka mayar da ni?"

"Inna, ki yi haƙuri ki ga ƙarshensa tukuna."

Ya ɗauko wani tsohon magini daga Zoza. Wata huɗu suna aiki suna musu, tsohon yana cewa ba haka aka gada ba, Yaya yana dariya yana cewa, "Baba, mu gwada." A bangon gabas ya bar ƙananan ramuka, ya jera su kamar zanen faifan Inna, ya toshe kowanne da gindin kwalba, kore da ruwan ƙasa. Ƙofar kuwa, da hannunsa ya sassaƙa ta. Ya yi mata kujera daidai tsayin da gwiwarta ba za ta yi ciwo ba.

Safiyar da ta tare, rana ta bugi bangon, zanen ya sauko kan daɓe, launi-launi. Inna ta daɗe a tsaye. Sannan ta dubi Yaya ta ce, "Ashe kana kallo." Da bazara ta zo, matan unguwa a ɗakin suke ɓarar gyaɗa saboda sanyinsa. Har baƙi suka riƙa zuwa daga birni suna ɗaukar hoto.

Bayan shekara biyu ciwon ƙoda ya kama Yaya. Bai kai wata biyar yana jinya ba Allah ya karɓi abinsa.

Ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara. Tsohon magini ya zo sau biyu, yana yi yana share hawaye da bayan hannu. A shekara ta uku idonsa ya mutu. Maginan da muka samu siminti kawai suka iya, suka shafe bangon da shi, mu kuma muka ga ya yi kyau. Ashe ruwa yana shiga ta baya. Da damina ta yi nisa, bangon gabas ya tsage tun daga sama har ƙasa, hannuna yana shiga.

Babban wanmu ya ce dole a rushe kafin ya faɗo mata. Gaskiya ya faɗa, na kuma goyi bayansa. Ni aka tura in gaya mata, wai ta fi jin maganata.

Na same ta a kan kujerar tana jan carbi. Na yi ta kewaye-kewaye. Ta bari na gama.

"Na ji," ta ce. "Kabarinsa ban taɓa gani ba, mata ba sa zuwa. Nan nake zama in yi masa addu'a."

Na durƙusa na riƙe ƙafarta, ita ce ma ta koma tana ba ni haƙuri.

Ranar da za a rushe, ta tafi Karaye wurin ƙanwarta, ta yi sati uku. Ni na tsaya. Kafin azahar an gama. Ta dawo ta tarar da ɗakin bulo mai rufin kwano, ta sa wa wanmu albarka, ta shiga. Har yau ba ta ƙara tayar da maganar ba, mu ma ba ma tayarwa.

Zanen ginin yana cikin kwamfutar Yaya, wadda matarsa ta ba ni. Babu wanda ya san lambar buɗe ta. Na gwada sunan Inna, na gwada sunan 'yarsa, na gwada ranar haihuwarsa. An ce akwai masu gyara a Kano da za su iya buɗewa, amma sun ce abin da ke ciki yana iya gogewa. Ban kai ta ba.