Man Tamojin Inna

Inna ba ta taɓa shafa wani abu da ya wuce man kaɗanya ba, sai shekarar da aka kawo Shari'a. A shekarar ne saƙo ya iske ta a Badarawa cewa yayanta, wanda ya tafi Gabas tun tana budurwa, ya dawo, yana Zurmi wurin dangi.

Ta zo gidana a Kaura Namoda, ko ruwa ba ta sha ba ta jawo madubina.

“Duba nan, ɗiyata. Ina tsagata?”

Tsagar Gobirawa ce a kumatunta, irin ta gidansu, amma tamoji ya haɗiye ta, ba ka rarrabe aikin wanzami da na tsufa. Tsoronta ke nan, kada ɗan'uwan da ya rage mata a duniya ya dube ta ya kasa gane ta. Wai ta ji akwai man da ke miƙe fata, in nemo mata.

Ni da ke fama da goyo da koyarwa, haka na bi kemis-kemis. Wani dattijo mai shago ya ba ni ƙaramin gwangwani, ya ce ba bilicin ba ne, ba ya cutarwa, laushi yake sa fata. A fara gwadawa a bayan kunne, a shafa kaɗan, a guji rana. A guji rana! Matar da ke sussuka da shiƙa a tsakar gida tun hantsi.

Sai da ta sa na rantse babu kitsen alade a ciki. Daga nan ta shiga lafta shi kamar mai yaɓen ɗaki, har goshinta ya yi saɓa. Na yi faɗa har na gaji. Da ta rage, fatar ta yi laushi kam, har da sheƙi, amma tsagar tana inda ta ɓuya.

Ranar tafiya mun daɗe a tasha muna jiran motar mata ta cika. Muka isa Zurmi a galabaice.

Kawu na zaune a kan buzu, ya tsufa tukuf. Inna ta durƙusa gabansa, ta ja mayafi baya don ya ga kumatun.

“Yaya, ni ce.”

Ya amsa mata kamar yadda ake amsa wa baƙuwa. Sai ya ɗago ya gan ni, ni da ko tsaga ɗaya ba ni da ita. Ya kama hannuna, ya kira ni da sunan Inna, yana kuka yana tambayata ina tsohuwar da ta haife su.

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Inna ta zungure ni ta ce in amsa, na amsa.

A motar dawowa, da muka kusa Kaura, sai ta kwance bakin zane, ta ajiye gwangwanin a cinyata.

“Ki riƙa shafawa,” ta ce. “Fuskata na wurinki, kada ki bari ta lalace kafin mu koma.”