Kifin Teku a Allon Ajinmu

Wata Litinin cikin damina, ina aji biyu na sakandare a Wudil, Malam Sabo mai koyar da kimiyya ya zana mana wani kifi a allo. Ya ce a teku yake rayuwa, yana da ƙaya mai kaifin aska a gindin wutsiya, shi ya sa Turawa suka sa masa sunan likitan tiyata. Ya rubuta danginsa, Acanthuridae, a ƙarƙashi ya jera zuriyoyin: Acanthurus, Ctenochaetus, Zebrasoma. Ya ce duk wanda bai haddace ba zai sha bulala.

Gidanmu gidan masunta ne. Na haddace sunayen nan ina kankare ɓawon karfasa, ina tura wa Inna itace a murhun banda, hayaƙi yana sa ni hawaye. Baba yana gefe yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi, ya sa na kwatanta masa kifin. Ya yi murmushi ya ce, "Ai kurungu ma da ƙayarsa. Tambayi malaminku ko 'yan'uwa ne."

Ranar hadda na karanto sunayen tsaf, sannan na isar da tambayar Baba. Malam Sabo ya toshe hanci da yatsu biyu ya ce, "Su babanka kamawa suka iya. Ilimi ba a bakin kogi yake ba." Ajin ya fashe da dariya. Har na gama makarantar, Ƙarni ake kirana.

Da na koma gida Baba ya tare ni a zaure. "Me malam ya ce?" Haushin dariyar nan na juye masa. Na maimaita maganar malam kalma da kalma, har da toshe hancin. Bai dake ni ba. Ya dube ni kawai, ya ɗauki gorar da yake hawa in zai yi su ya nufi kogi. Da can kowane kifi ya ciro sai ya faɗa mini sunansa da inda yake kwana da watan da yake ƙwai. Daga ranar bai sake ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya har ya rasu.

Yau ni ke koyar da kimiyya. Motocin yashi sun cinye gaɓar da yake kamu, abokan sana'arsa duk sun ƙare. Kwanan baya wata ɗaliba ta kawo mini ɗan kifi daga kogin a cikin roba, tana son sunansa na Hausa. Na juya shi, na sake juyawa. Wanda zan tambaya, ni na rufe masa baki.