Kunyar Ɗan Fari Da Na Kai Sabon Gari

Ina yi wa masu wannan shafi da masu karanta shi sallama. Ni uwa ce a Fagge, sai da na girma na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan ne karo na farko da na rubuta abin da ya fi saƙon waya tsawo. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai shiru-shiru, ina sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida, maigidana kuma direban babbar mota ne, yakan yi makonni a hanyar kudu. Kakanninmu daga Adamawa suka zo Kano. Na tashi na ga mahaifiyata ba ta kiran sunan yayanmu, "wancan" take ce masa har ta koma ga Allah, in aka yabe shi a gabanta sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da na haifi nawa ɗan farin haka na yi masa, ban taɓa zama na tambayi kaina dalili ba.

Ɗan nawa ya gama sakandare bai samu gurbin ci gaba ba, amma Allah ya ba shi hannu a kayan wuta. Fanka, fitila mai caji, dutsen guga, duk abin da ya mutu a layinmu zauren gidanmu ake kawo shi. Nakan leƙa ta bayan labule in ga ya baje wayoyi ja da baƙi a kan tabarma, in yi ta mamakin yadda yake gane wadda ta lalace alhali duk kamarsu ɗaya. Ina son in tambaye shi, kunya ba ta bari. Sai dai in yana yi wa mai kaya bayani in rage dakan da nake yi in kasa kunne.

Da kansa ya nemo wani shago a Sabon Gari inda ake sayar da kayan sola kuma ake zuwa gidaje a haɗa wa mutane. Mai shagon mace ce 'yar kudu, ba ta jima a Kano ba, kowa Madam yake ce mata. Sau ɗaya take ɗaukar masu koyon aiki a shekara, kuma sharaɗinta shi ne uba ko uwa su zo su tsaya wa mutum. Mahaifinsa yana hanya, ranar da ta sa kuma ta ƙarato, dole ni na saka hijabi muka hau adaidaita sahu.

Matar ta karɓe mu da fara'a, ta sa aka ba ni kujera da ruwan sanyi. Hausarta ta kasuwa ce, har "kai" take ce mini. Ta tambaye ni ko ni na haife shi, na sunkuyar da kai na ce ɗan gidanmu ne. Ta tambayi sunansa, na yi kamar ban ji ba, shi ya amsa. Da ta zo kan halinsa sai na faɗi abin da mahaifiyata za ta faɗa da ita ce a wurin: na ce ba abin da ya iya sai ci da barci, sai dai ta yi ta haƙuri da shi, in ya yi ba daidai ba kuma kada ta raga masa. Ta juya ta tambaye shi abin da ya iya, shi ma kansa a ƙasa ya ce yana ɗan taɓawa kaɗan-kaɗan. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce za ta kira. Wallahi na fito ina jin na yi abin da ya dace, har na tsaya na sayi kayan miya a hanya.

Kira bai zo ba. Da farko yana yawo da wayarsa a hannu ko banɗaki zai shiga, daga baya ya daina. Ya naɗe tabarmar zaure, masu kawo gyara suka riƙa komawa da kayansu. Sai na fara jin ƙishin-ƙishin cewa zai bi wasu abokansa zuwa haƙar zinariya a daji, wurin da duk uwa ta san ba kowa ke dawowa ba. Ni kuwa mamaki ya fi fushi yawa a zuciyata. Na yi ta juya abin: ko don ba yarenmu ɗaya ba ne, ko akwai wani abu da ake kaiwa wanda ban kai ba, ko shigarsa ce ba ta yi mata ba? Na kai maganar wurin wata maƙwabciyata da ta daɗe tana sayar da atamfa a kasuwar. Ta sa na maimaita mata duk abin da na faɗa, sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Hajiya ba ni zan gaya miki ba, koma ki tambayi mai shagon da bakinki.

Na koma ni kaɗai. Ta gane ni tun daga ƙofa. Na ce ban zo roƙo ba, so nake kawai in san abin da ta gani a wurin yaron. Ta ce ita ba ta ga komai ba, abin da na faɗa ta ji. Yaran shagonta cikin gidajen mutane take tura su, har ɗakin barci, su hau rufi da kaya masu tsada, yaya za ta ɗauki wanda 'yan gidansu suka ce malalaci ne, shi ma bai musa ba? Ta ce ta ɗauka ma riƙonsa nake yi na gaji da shi, tunda ko sunansa na ƙi faɗa. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari iya yadda zan iya. Sai ta jawo kujerarta kusa da ni, ashe ita ma mai son jin ƙwaƙƙwafi ce irina. Ta ce a garinsu ko akuya uwa ta haifa sai ta zo tana rantsuwa injiniya ce, shi ya sa in uwa ta yabi ɗanta takan zubar da rabi, in ta kushe shi kuwa takan ɗauka duka. Muka yi dariya. Sannan ta tambaye ni, to in ba a yabonsa ba a kiran sunansa, ta yaya ɗan yake sanin ana ji da shi? Na ce ai ya sani. Ta ce na taɓa tambayarsa? Gaskiya ban taɓa ba.

Ta ce to yanzu in gaya mata gaskiya, wane ne shi. Sai na faɗi sunansa, a tsakiyar shago, mutane suna shige da fice. Na lissafa mata abubuwan da na gan shi ya tayar ta bayan labule, na ce bai taɓa ɗaukar tsinken wani ba. Ta ce ta yarda, amma ta riga ta cike gurbin, sai in ta tashi ɗauka ta gaba.

Da yamma yana cin tuwo na ba shi labari, fuskata tana kallon tukunya. Ya ce Inna, ai ya san kunya ce, ba yau ya fara jin irin maganar ba. Sai dai tunda bai taɓa jin ɗaya gefen daga bakina ba, ya daɗe yana zaton ko rabin abin haka yake a zuciyata, shi ya sa da matar ta tambaye shi ya kasa cewa ya iya. Ban yi kuka a gabansa ba. Na ce masa ba rabi, ba kwata. Bai bi abokan nan daji ba. Ya sake shimfiɗa tabarmarsa, ya jira kusan shekara, aka ɗauke shi. Yanzu shi ake turawa da sababbin yara.

Har yau ba na kiran sunansa a gida, kuma ban ce a yar da kunya ba, ado ce a inda ake jin yarenta. Abin da na koya shi ne wanda bai san ka ba, abin da ka gaya masa shi zai riƙe. Ku matasa masu neman na kanku, in an tambaye ku abin da kuka iya, ku ɗaga kai ku faɗa daidai yadda yake, kada ku ƙara, kada ku rage, faɗin gaskiya ba girman kai ba ne. In an hana ku abu, ku koma cikin ladabi ku tambayi dalili kafin ku yanke wa kanku hukunci, don da ban koma ba da har yau ina zargin matar nan da ƙabilanci. Ku kuma iyaye 'yan'uwana, ku san a gaban wa kuke yin kara, kuma ko sau ɗaya ku bar ɗa ya ji abin da ke ranku. Ɗana ya yi asarar kusan shekara, ya kusa tafiya inda ba na so, alhali ba wanda ya ƙi shi. Ni da shi ne muka yi kwalliya muka je muka ce kada a ɗauke shi, cikin ladabi.