Maɓallin da Ke Kusa da Giya

Motar da maigidana ya sayo daga Kwatano ba ta yarda tayarta ta zame. Da ta ji santsi sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta hau ƙiftawa a gaban direba, ta rage wa kanta wuta, ta kama birkin tayar da ke neman kaucewa. Wata yamma a bayan garin Anka ya nuna mini haka, ya kuma nuna mini wani maɓalli kusa da giya mai kashe wannan tsaro. Ya ce a yashi ko laka kaɗai ake danna shi, don a can sai taya ta wulwula son ranta take fita, kuma in aka kashe mota aka sake tayarwa tsaron yakan dawo da kansa. Muryarsa nake saurare, hankalina yana kan balbelu masu komawa gida. Ashe maganar ta zauna.

Da damina aka tura shi kwas Kaduna, sai aka yi mana rasuwa a wani ƙauye bayan Bukkuyum, ta wajen Gummi. Surukina, wanda ya tsufa yana kai hatsi kasuwanni a akori-kura, shi ya karɓi makulli. Ni da Inna, uwar mijina, muka zauna baya. Tun da aka kawo ni gidansu, gaisuwa a durƙushe ce kaɗai ta taɓa haɗa ni da Baba. Ina ɗauke da cikin fari, wanda kowa ya gani, ba mai ambata.

A dawowa muka kafe a tsakiyar wani rafi. Da safe yashi ne da ɗan ruwa iya idon sawu, amma an yi ruwa a gabas, yanzu ya koma ja, yana tafe da kara da ganye. Baba ya taka totur, injin ya yi ƙasa da murya kamar mai riƙe numfashi, fitilar nan tana ta ƙiftawa. Ƙofofin baya kuwa ba sa buɗuwa ta ciki.

"Hajiya, wagga mota ta hi ni sanin tuƙi? Ina ba ta wuta tana hana kanta!" in ji Baba.

"Ba kai ka cewa kana zuwa Ikko ido ruhe ba?" in ji Inna.

"Da akori-kurata ce, da yanzu muna gida muna shan hura."

"Wadda muka tura har ƙuguna ya riƙe?"

Ruwa ya fara lasar ƙasan ƙofa, ina jin sanyinsa ta tafin ƙafa. Ina ganin maɓallin tsakanin kujeru, kusa da gwiwar hannun Baba, amma nisansa a wurina ya fi na Anka. Na dafa cikina ta ƙarƙashin mayafi, na sunkuya kunnen Inna.

"Inna, shi ya ce akwai abin da ake dannawa."

Ba na kiran sunan maigidana, ita ma ba ta kira, ɗan farinta ne. Ta ɗaga murya: "Alhaji, wai yaron nan ya ce a danna wani abu."

Baba bai waiwayo ba. "Tambayi mutanen baya, wanne daga ciki?"

Kafin in haɗa amsa ya danna ɗaya, iska mai sanyi ta buso mu. Ya danna wani, rediyo ya kama sanarwar ɗaurin aure. Wani kututture ya bugi gefen motar, ta girgiza, Inna ta kama salati. Ban san lokacin da hannuna ya fita daga mayafi ba. Ya ratsa tsakanin kujeru, ya gogi hannun rigarsa, ya danna. Baba ya mayar da fuskarsa taga kamar yana duban gonar wani. Sannan ya taka, motar ta yi ruri, ta watsa laka har rufinta, muka haye.

Na zaci an gama. Amma fitilar ta tsaya a kunne, ba ta ƙiftawa, alamar tsaron yana kashe, ga jar hanya jiƙe sharkaf a gabanmu.

"Yanzu ta san mai ita," in ji Baba, ya ƙara wuta.

A kwanar farko bayan motar ya yi lilo, kafaɗata ta bugi gilashi. Da safe a wannan wurin ta gyara kanta ba wanda ya lura sai ni. Na san hannuna ba zai sake fita ba, kuma ba ni da bakin ce wa surukina ya rage gudu. Na dubi rana ta yi ƙasa a kan dawa.

"Inna," na ce a hankali, "la'asar tana wucewa."

Ya tsaya a masallacin wani ƙauye, ya murɗa makulli, injin ya mutu. Na daɗe a sujada. Da muka koma ya tayar, fitilar ta kama tare da sauran, sannan ta mutu. Baba ya gyara madubi yadda ba zai gan ni ba.

"Hajiya, ce ma mutanen baya su jingina, da sauran tahiya."